NA'URAR GYARAN MURYA: AMFANINTA DA INDA TAKE ƁATA WAƘA

Wannan shi ne jawabin da ɗan'uwanmu mai sayar da kayan sauti ya gabatar a zaman da ƙungiya ta shirya wa matasanmu masu sana'ar sitidiyo. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, malamaina, iyayenmu, ƙannena da 'ya'yana matasa, ina yi muku barka da zuwa. Ran da sakatare ya same ni a shago da maganar wannan jawabi, sai da na ce masa ya sake dubawa ko dai ɓatan kai ya yi. Ni ban taɓa rera waƙa a gaban jama'a ba, ban kuma yi karatun injiniya ba. Allo na yi, na yi Islamiyya, daga nan sai kasuwa. Ya ce ai shekara talatin da ɗoriya ina cikin kayan sauti, tun ina tallar kaset a faranti har yau da nake sayar da makirufo da fiyano da lasifika, kuma yawancin yaran da suka buɗe sitidiyo a unguwar nan a hannuna suka sayi kaya. To wannan kam gaskiya ne, shi ya sa na amsa. Tun farko in faɗa, hukuncin kiɗa da waƙa ban zo da shi ba, ga malamai nan zaune, fagensu ne. Maganar sana'a na zo yi, da yadda za a yi ta da kyau.

Bari in fara da abin da ya sa na shiga wannan bincike. Akwai wani yaro a nan cikinmu, mai hankali, mai ladabi, ba zan kama suna ba. Ya yi wa wata amarya waƙa a sitidiyon ɗan wana. Waƙa ta yi daɗi, ta bi wayoyi, har wasu mutanenmu da ke zaune a wani gari nan Kudu suka ji, suka ce lallai shi zai zo ya yi musu a bikin 'yarsu, ido da ido. Ta hannuna aka biyo, ni na tsaya masa, aka ba da kafin alƙalami. Ranar biki aka miƙa masa makirufo, babu kwamfuta, babu komai. Jama'a, abin da ya fito daga bakinsa da abin da ke cikin waya kamar ba mutum ɗaya ba. Inda waƙar take hawa sama ya kasa kai wa, domin ashe a sitidiyo na'ura ce ta ɗaga shi. Amshin nan mai kauri da kowa yake so babu shi, domin ashe babu wasu 'yan amshi, muryarsa ce aka ninka. Mata suka fara ƙus-ƙus, daga baya aka sa ta cikin waya a lasifika shi kuma ya koma gefe. Rabin kuɗin daga aljihuna na mayar. Kuɗin ba su dame ni ba kamar yadda fuskar yaron ta dame ni, don ya yi makonni bai fito majalisa ba.

Tun daga nan na riƙa zuwa sitidiyon ɗan wan nawa bayan sallar isha, in zauna a bayansa in yi ta tambaya, har ya fara gajiya da ni. Abin da na tsinta shi zan ba ku yau.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san abu ɗaya. In batir ya yi sanyi, sai ka ji muryar Shata ta yi ƙasa, ta yi nauyi, tana jan ƙafa. In kuma rediyon tana gudu fiye da ƙima, sai dattijo ya koma kamar yaron goye. Dalili shi ne sauti girgiza ce. Maƙogwaro yana kaɗa iska, in kaɗawar ta yi yawa a cikin daƙiƙa ɗaya murya ta yi sama, in ta ragu murya ta yi ƙasa. Namiji in yana magana, tasa tana kaɗawa kamar sau 100 zuwa 150 a daƙiƙa, ta mace kuwa wajen 200 zuwa 250. Masu kiɗan Turai sun yi ittifaƙi a kan wani sauti mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, shi ne ma'aunin da ake saita fiyano da shi. In ka ninka ya zama 880, sautin nan ne dai amma a sama. In ka raba ya zama 220, shi ne dai a ƙasa. Tsakanin 440 da 880 suka kafa tsani mai matakai 12, kowane mataki kuma suka raba shi kashi 100. Ku riƙe wannan tsani, don duk maganar da za mu yi a kansa take.

A kaset, ba ka iya ɗaga murya sai waƙar ta ƙara gudu. Abin da injiniyoyi suka daɗe suna nema shi ne a ɗaga ko a sauke murya, waƙa kuma ta tsaya a tafiyarta. A 1975 wani kamfanin Amurka mai suna Eventide ya fito da akwatin da ke yin haka, H910, amma sai manyan sitidiyo ke iya sayensa. A 1997 aka fito da Auto-Tune, wanda kowa ya san sunansa yau. Wanda ya ƙirƙiro shi, Andy Hildebrand, asalin aikinsa neman man fetur ne: a aika sauti cikin ƙasa, a lissafa yadda ya dawo, a gane abin da ke kwance a ciki. Irin wannan lissafi ya ɗauko ya ɗora a kan muryar ɗan Adam. Na'urar tana sauraren mawaƙi, ta gane matakin da yake kusa da shi a tsani, ta ja shi ta ajiye daidai a kai. An yi ta ne don a gyara kuskure ba tare da kowa ya sani ba. Sai a 1998 wata mawaƙiya mai suna Cher ta fitar da waƙar Believe, inda masu haɗa mata suka murɗa saurin gyaran har ƙarshe, murya ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki kamar ta ƙarfe. Daga 2005 wani mawaƙin Amurka, T-Pain, ya mai da wannan salo tambarinsa, duniya ta ɗauka, har ya iso Ikko da Kano. A Jamus kuma kamfanin Celemony ya fito da Melodyne a 2001, wanda shi yana baje maka waƙar ne a fuskar kwamfuta, kowace gaɓa da ɗan tabonta, ka kama wadda ta kauce da hannunka ka gyara, ka bar sauran.

Yau duk waɗannan sun zama ƙananan manhajoji da ake jonawa cikin babbar manhajar haɗa waƙa, irin su FL Studio ko Cubase. Su ne yara ke kira fulogin. Iri uku ne suka shafe mu: mai gyara murya ta zauna a kan mataki, mai ɗaga murya ko sauke ta ɗungurungum, da mai haifar da wasu muryoyi daga murya ɗaya, wanda ake kira hamoni.

GYARAN MURYA

Kuskure na farko da na gani, kuma shi ya fi yawa, shi ne rashin gaya wa na'ura mazaunin waƙa, abin da kuke ce wa ki. Kowace waƙa tana da matakan da take takawa a cikin 12 ɗin nan, da waɗanda ba ta taɓawa. In ka ba na'ura mazaunin da ba shi ba, za ta riƙa jan mawaƙi zuwa inda bai nufa ba, ka yi gyaran gangar Auzinawa. Kafin ka buɗe komai, zauna a gaban fiyano ka nemo inda waƙar take sauka ta huta. Kada ka dogara da manhajar da ke cewa za ta gano maka, tana taimakawa amma tana kuskure, kunnenka ya tabbatar.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Waɗanda suka yi boko sun san do, re, mi, fa, so, la, ti, matakai bakwai. Galibin waƙoƙinmu na gargajiya kuwa a kan biyar suke tafiya, ba sa taka fa da ti. To in yaro ya zo da waƙa mai ƙirar gida, ka cire waɗannan biyun daga jerin da na'ura za ta ja murya zuwa gare su. Akwai wurin yin haka a kusan kowace irinta. In kuma waƙar mai karin Larabawa ce, irin ta masu bege, ku sani a karin Larabawa akwai sautin da ke zaune a tsakiyar matakai biyu, rabin mataki. Na'urar da aka saita a tsanin Turai za ta ɗauke shi kuskure ne ta murƙushe shi, alhali shi ne gishirin waƙar. Wasu daga cikin na'urorin suna da tsanin Larabawa a ciki, a nema. In babu, gara a gyara da hannu. Haka in da kalangu ko garaya ko kuntigi aka yi kiɗan, su ba ruwansu da 440. Sai ka saita na'ura ta bi kayan kiɗan, don mawaƙin su yake bi.

Na biyu, saurin gyara. A Auto-Tune an rubuta masa Retune Speed, ana kuma auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In ka kai shi sifili, ka sami muryar ƙarfen nan. In ka sassauta zuwa wajen 20 ko 40 ko fiye, mawaƙi yana samun sarari ya zame daga mataki zuwa mataki kamar yadda maƙogwaro ke yi. Ban ce muryar ƙarfe haramun ce a sana'a ba, salo ne, akwai waƙar da take so. Abin da nake ƙi shi ne a bar maɓallin a sifili shekara guda, waƙar biki da ta ta'aziyya da tallar magani duk da murya ɗaya. Ku tuna waƙoƙin fim ɗinmu sun ɗauko lanƙwasar murya daga Indiyawa, wannan jan da ake yi a ƙarshen baiti. Saurin gyara in ya yi yawa yana yanka jan nan gunduwa-gunduwa.

Na uku, ku gaya wa na'ura ko muryar wa take saurare, ta mace ce ko ta namiji mai kauri. Akwai wurin zaɓa. In ba ku yi ba, wani lokaci sai ta ruɗe ta yi tsalle sama ko ƙasa a tsakiyar kalma, ka ji wani ƙyas kamar an taka kaza.

Na huɗu, kuma wannan shi ne wanda ya fi wahala, ku koyi gyaran hannu. Wanda ke da FL Studio yana iya samun NewTone, mai Cubase yana da VariAudio, ga kuma Melodyne. A baiti guda wataƙila gaɓa uku ce kawai ta kauce. Gyara ukun, ka ƙyale sauran. Yana cin lokaci, na sani, aikin da za ka gama cikin minti biyu sai ya ci maka awa. Amma wanda aka yi wa ba zai ji an taɓa muryarsa ba, zai ce dai yau ya yi ƙoƙari, gobe kuma wurinka zai dawo.

ƊAGA MURYA DA SAUKE TA

Yanzu ga masu son mai da muryar namiji ta mace don babu kuɗin kiran mawaƙiya. Abin da ke bambanta muryar mace da ta namiji ya wuce tsayin sauti. Akwai girman maƙogwaro da kogon baki da hanci, su ke ba murya jikinta, shi ya sa kana gane muryar mahaifinka ko da waƙa yake ko faɗa. Injiniyoyi suna kiran wannan fomant. In ka ɗaga sauti ka bar jikin ya bi shi sama, sai ka sami muryar 'yar tsana. In ka sauke, ka sami ta dodo. Na'urori irin su Little AlterBoy na kamfanin Soundtoys suna da maɓalli biyu, ɗaya na tsayi ɗaya na jiki, don a juya kowanne daban. Abin da na gani da kunnena, mataki biyu ko uku murya tana jurewa. Daga biyar zuwa sama sai ta fara warin roba, kome iyawarka. In waƙa ta fi ƙarfin mawaƙi, mafi sauƙi a sauke kiɗan ya dawo inda muryarsa take zaune. Da an yi wa yaron nan haka tun farko, da bai ji kunya a gaban mutane ba.

MAGANAR HAMONI DA AMSHI

Hamoni shi ne a ɗora wata murya a kan ta mawaƙi, tana tafiya tare da ita amma a wani mataki, galibi uku ko huɗu a sama, ko bakwai. Harmony Engine na kamfanin Antares yana ba da muryoyi har huɗu, Waves Harmony har takwas. Yaro in ya ga takwas sai ya kunna takwas. To a nan nake so mu tsaya.

Mu da muke zaune a Kudu, kunnenmu ya saba da yadda maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo suke jera muryoyi hawa-hawa, wannan a sama wannan a ƙasa. Abu ne mai daɗi, kuma sun iya. Amma ku koma ku saurari 'yan amshin Shata, ko na Ɗanƙwairo, ko matan da ke bayan Barmani Choge. Baki ɗaya suke amsawa, a kan mataki ɗaya, in an sami bambanci to wani ya ɗauka a sama ne wani a ƙasa, sautin dai guda. Kaurin amshinmu daga yawan mutane yake zuwa, da ɗan saɓanin da ke tsakaninsu: wannan ya riga da ƙiftawar ido, wancan muryarsa ta ɗan dushe, wani ya ja numfashi a wani wuri. Saboda haka in amshin gida kake nema, maɓallin hamoni ba zai ba ka shi ba. Ninki kake bukata. Hanya mafi kyau, a sa mawaƙi ya maimaita amshin sau uku ko huɗu, kowanne ɗauka daban, a watsa su hagu da dama. Wadda ta fi wannan ma, a kira yara uku daga unguwa a ba su na goro. In dole sai na'ura, to a jinkirta kwafin da kashi 10 zuwa 30 cikin dubu na daƙiƙa, a kauce da shi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na mataki, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kada kuma a gyara 'yan amshi su zama daidai cif da juna, in aka yi haka mutum huɗu sai su koma mutum ɗaya mai mura.

In kuwa waƙar ta zamani ce, hamonin take so, ga abin da na koya. A ba na'ura murya tsura, wadda aka riga aka gyara, kafin a sa mata amon ɗaki ko maimaici. A ajiye muryoyin da ta haifar a layinsu daban, a rage musu ƙarfi su zauna a bayan mawaƙi, a yanke musu kaurin ƙasa, a danne musu sautin sa da sha da tsa, don in baki biyar suka yi tsaki lokaci ɗaya kunne ba ya jurewa. Kada a sa daga farkon waƙa har ƙarshe, a ajiye shi sai wurin amshi ko ƙarshen baiti. Wanda ya iya fiyano kuma ya fi kowa morewa, don yana iya danna matakan da yake so da hannunsa na'ura ta bi, maimakon ta yi masa zaɓi. Akwai wata dabara da ɗan wana yake yi yanzu wadda ta burge ni: ya sa na'ura ta fitar da hamonin, ya ba mawaƙi ya saurara har ya haddace, sannan ya goge na na'urar ya ɗauki na mutum.

HARSHENMU

Wannan ita ce maganar da ta fi tsaya mini a rai. Waɗanda suka ƙera na'urorin nan ba su yi tunanin Hausa ba. A harshenmu hawa da saukar murya ma'ana ce. Kuka na hawaye, gaɓoɓinsa biyu a sama suke. Kuka ta miya kuwa ta farko a sama, ta biyu a ƙasa. Wuya na jiki yana sauka, wuya ta wahala tana hawa. Kai na jiki yana zamowa daga sama zuwa ƙasa a gaɓa guda, kai na kiran mutum yana tsaye. Mawaƙin da ya iya Hausa, karin waƙarsa yana lallaɓa waɗannan ko bai sani ba. Na'ura kuwa mataki kawai ta sani. In saukar da mawaƙi ya yi ƙarama ce, tana iya ɗauke gaɓoɓin biyu ta ajiye a mataki ɗaya, itaciya ta koma hawaye. Muryar hamoni ma in ta tsaya wuri ɗaya, ko ta hau lokacin da mawaƙi yake sauka, to tana faɗin wata kalma ce daban a bayansa. Don haka a waƙar Hausa hamonin da ke bin mawaƙi kafaɗa da kafaɗa, ya hau ta hau, ya sauka ta sauka, shi ya fi aminci.

Haka nan wajen ja da taƙaita gaɓa don ta dace da kiɗa, wanda waɗannan manhajoji suke yi cikin sauƙi. Gari na zama da gari na tuwo, akwai tsayin wasali a tsakaninsu. Dafa abinci da dafa kafaɗa haka. Ka ja abin da bai kamata ba, ka canja magana. Wannan ya fi zama haɗari a gare mu mazauna nan, domin da yawa cikin 'ya'yanmu a nan aka haife su, Hausarsu ta sha ruwan Yarbanci da Turancin kasuwa, wani lokaci kuma mai haɗa waƙar ma ba ya jin Hausa sam. Shawarata, kafin waƙa ta fita, a kai wa tsohuwa ko dattijon da ya tashi a gida, a ce ya maimaita abin da ya ji. In ya maimaita daidai, a sake ta. In ya ce me yaron nan yake cewa, a koma.

ƊAKI DA KAYAN AIKI

Yawancin abin da kuke ɗora wa fulogin laifi, a ɗaki ya lalace. Na'urar gyara murya ɗaya take iya bi. In janareta yana ruri a bayan taga, ko fanka tana juyawa, ko kiɗa yana tsiyaya daga abin kunnen mawaƙi yana shiga makirufo, sai ta rasa wanda za ta bi. A nesanta janareta, a kashe fanka na minti biyar ko da za a yi gumi, a sa abin kunne mai rufe kunne ruf. Bango tsirara yana mai da sauti, katifa da bargo masu kauri suna maganinsa, ba sai an sayi soso mai tsada ba. Mawaƙi ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirufo, da tankaɗen iska a tsakani. Kada a ɗaga ƙarfin shiga har fitila ta yi ja, abin da ya fashe a ɗauka babu mai ɗinke shi.

Akwai kuma jinkiri. In mawaƙi yana jin muryarsa tana dawo masa a makare, dole ya kauce. Kwamfuta tana tara sauti ne ƙunshi-ƙunshi kafin ta sarrafa. A ma'aunin 44,100 a daƙiƙa, ƙunshin 256 jinkirinsa bai kai kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa ba, na 1024 kuwa ya haura 23, kuma wannan tafiya ɗaya ce, ban da dawowa. Saboda haka a rage shi lokacin ɗauka, a ƙara lokacin haɗawa. Sannan kullum a ajiye asalin murya wadda ba a taɓa ba. Ran da mai waƙa ya dawo ya ce an cika gyara, kana da inda za ka koma.

Maganar saye kuma, a matsayina na ɗan kasuwa. Na san abin da ake yi, a je kasuwa a loda wa kwamfuta fulogin ɗari na sata a kuɗin kwanon abinci. Ban da cewa haƙƙin wasu ne, sau nawa aka zo shagona ana kuka kwamfuta ta ɗauki cuta, aikin mutane na wata uku ya tafi? Akwai na kyauta na halal masu aiki, irin su MAutoPitch da Graillon da GSnap, ga kuma waɗanda ke zuwa tare da babbar manhajar. Ka riƙe ɗaya ka san shi ciki da bai, in sana'a ta kawo kuɗi ka sayi babba. Kuma in kuɗinka kaɗan ne, makirufo mai kyau da abin kunne mai kyau su ne gaba, ba don ni nake sayar da su ba.

AMANA

Zan rufe da inda na faro. Masu sitidiyo, ku riƙa gaya wa mawaƙi gaskiyar abin da kuka yi wa muryarsa. Ku sa masa ta asali ya ji, ku sa masa gyararriya ya ji, ku nuna masa inda yake kaucewa don ya je ya yi aiki a kai. In kun ɗaga shi mataki uku, ku faɗa masa, kada ya je ya karɓi kuɗin mutane a kan abin da ba zai iya ba. Shi T-Pain ɗin da kuke koyi da shi, a 2014 ya zauna a wani shirin gidan rediyon Amurka ya rera waƙoƙinsa babu na'ura, mutane suka riƙe baki, don ashe ya iya tun asali. Yanzu ma ga wata sabuwa ta zo, manhajar da ke ɗaukar muryar wani ta ɗora a kan waƙar da bai taɓa yi ba. A 2023 an yi haka da muryar manyan mawaƙa biyu na Kanada, sai da aka sauke waƙar daga kasuwannin intanet. Ina roƙonku kada a ji wannan a unguwar nan, musamman da muryar magabatanmu da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda ba su da bakin cewa ba su yarda ba.

Mawaƙa, ku ma ku ji. Ku riƙa rera waƙarku babu kiɗa babu kwamfuta, a gaban wanda ba ya jin kunyarku. Yaron da na ba ku labarinsa haka ya yi. Wata shida yana zuwa sitidiyo da safe kafin kowa, yana bin fiyano mataki-mataki. Da sallar da ta wuce ya yi waƙa a gidan wani ɗan'uwanmu da 'yan amshinsa uku, na tsaya daga baya ina ji, babu wanda ya nemi a sa ta cikin waya.

Ga ƙungiya kuma ina da roƙo ɗaya. A ba yaran nan ɗakin taro ko sau ɗaya a wata, masu sitidiyo su zo da aikinsu, dattawa biyu ko uku masu kunne su zauna a saurara tare. Lasifika da makirufo na ranar, ni na ɗauka.

Abin da na faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, waɗanda suka fi ni sani suna nan, a gyara mini. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya kai kowa gidansa lafiya.